Gini Naka, Ƙasa Ta Wani: Yadda Ake Sabunta Wa'adin Fili Ko Gida Tun Bai Cika Ba

 

A kwanakin nan wani ɗan'uwa da ke zaune Abijan ya aiko mana saƙon murya, ya roƙi mu sakaya sunansa da na garinsu. Shekara talatin da ƴan kai da sunka wuce, wani dattijo ya ara wa mahaifinsa fili a gefen gari, ya gina ɗaki biyu na laka ya zauna da iyalinsa. Ba a rubuta komi ba, ba a yanka wa'adi ba, amana ce tsakanin aminai. Da ɗan ya girma ya tafi biɗa, ya riƙa aiko kuɗi, anka rushe laka anka sa bulo da siminti, anka rufa kwano, anka kewaye gidan. Yau dattawan biyu duk sun riga mu gidan gaskiya. Magadan mai fili sun tashi rabon gado, sun ce filin yana cikin lissafi. Tsohuwarsa kuwa tana cikin gidan, ita da ƙannensa da jikoki. Sai ya tambaye mu: "Shekara talatin muna ciki, mu munka gina, shin gidan bai zama namu ba?"

Amsar ba mai daɗin ji ba ce, amma gara a ji ta daga bakin masoyi. In dai an tabbatar aro ne tun farko, daɗewa ba ta mai da shi mallaka. Zanen aro ba ya rufe katara. Sai dai tsakanin "namu ne" da "ku tashi" akwai hanya ta uku, kuma ita ce maganarmu ta yau: a zauna a sabunta zaman, a yanka masa wa'adi, a rubuta, tun ana shiri da juna.

Aro, haya, jingina, saye: kowane da hukuncinsa

Rigima da yawa na farawa ne daga rashin sanin sunan abin da anka ƙulla. A al'adarmu hanyoyin riƙe filin wani sanannu ne.

Aro shi ne a ba ka ka yi amfani ba tare da biya ba. In gona ce, wasu kan kai wa mai ita dami ɗaya ko biyu bayan girbi, kuma wannan damin shi ne shaidar da ke tuna wa kowa mai ƙasar. Haya kuwa ana biya, wata-wata ko shekara-shekara. Jingina ita ce mai fili ya karɓi kuɗi ya ba da filinsa riƙo, ran da ya mai da kuɗin ya karɓi abinsa. A cikin ukun nan duka, ƙasa tana nan ga mai ita. Saye da kyauta da gado ne kawai ke fitar da ƙasa daga hannu zuwa hannu.

To, matsalar fili na zama ta fi ta gona nauyi. Mai aron gona in an ce ya saki, yakan jira ya girbe hatsinsa ya tafi. Mai gida fa? Bango ba ya ɗaukuwa a ka. Duk bulon da ya sa, duk buhun simintin da ya zuba, sun manne da ƙasar da ba tasa ba. Shi ya sa wanda ya gina bisa filin aro ya fi kowa buƙatar sanin shekara nawa gare shi, da abin da za a yi da gininsa ran da shekarun sunka cika.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

Iyayenmu ba sakaci sunka yi ba. A zamaninsu fili ya fi mutane yawa. Ƙidayar 1988 ta sami ƴan Nijar miliyan 7 da ƴan kai, ta 2001 ta sami miliyan 11, ta 2012 kuma ta haura miliyan 17. Gonar da mutum ɗaya ya noma, yau jikoki ashirin ke kallonta. Fili a bakin babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni, ko kusa da kasuwar Ƙonni, ko a Galmi da Malbaza, ya zama kuɗi tsagwaronsa. Abin da kaka ya bayar don Allah, jika yana ganinsa a matsayin jarin da zai yi aure ko ya kama sana'a da shi. Kuma ba za a ce ya yi laifi ba, haƙƙinsa yake nema.

Akwai kuma tsohon tabo. A watan Disamba na 1974 shugaba Seyni Kunce ya yi shelar cewa gona ta zauna a hannun wanda ke noma ta, ko ta wace hanya ya same ta. Shelar ta faranta ran masu aro, amma ta bar wa masu ƙasa ɗari-ɗari da dogon aro, har yau ana jin saurarsa. Don haka in magada sunka zo da maganar fili, sau da yawa ba korar kowa suke so ba. Tsoro suke ji kar shiru ya cinye musu gado. Takardar da ta ce ƙarara "ƙasa tasu ce, zama namu ne har shekara kaza" tana kwantar da hankalin ɓangare biyu.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Dokar da ke kula da filayen karkara a Nijar ita ce wadda ake kira Kod Rural, mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993. Babban abin da ta zo da shi shi ne, haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada da wanda ya samu ta hanyar takarda, kariya ɗaya gare su. Ke nan gadon kaka ba ya faɗuwa don ba shi da takarda. Amma ran gardama sai an kawo hujja, kuma shaidu mutane ne: suna tsufa, suna mantuwa, suna mutuwa.

Don haka ne anka kafa kwamitocin filaye da muke kira Kofo. Akwai na gari, wanda maigari ke shugabanta. Akwai na kwamin, kamar a Bazaga, Alela, Tsarnawa, Dogarawa, Badagishiri ko Tajaye. Akwai kuma na departama a ƙarƙashin perfe, a Ƙonni da Malbaza da Illela. Mutane da yawa sun ɗauka Kofo takardar saye kawai take bayarwa. A'a. Akwai takardar shaidar riƙon gado, da ta saye, da ta kyauta, akwai kuma ta aro, da ta haya, da ta jingina. Waɗannan uku na ƙarshe su ne anka yi domin mai zaune bisa ƙasar wani, kuma su ne jama'a sunka fi mantawa da su.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi mai wa'adi a kuma kafa shaidu. Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta cewa haya sai da sanannen wa'adi da sanannen farashi. Wanda ya ce a rubuta bai zargi kowa ba, umarni ya bi.

Yadda ake sabuntawa, mataki-mataki

Na farko, a fara da wuri. Tun ran gini, tun ran zane. Lokacin da ya fi dacewa shi ne mai fili yana raye, ana gaisawa, ana zuwa suna da biki. In akwai wa'adi a baya, kar a jira shekarar ƙarshe. Wanda ya zo saura shekara biyar, ciniki ya zo yi. Wanda ya zo saura wata guda, roƙo ya zo yi, kuma farashin roƙo mai fili ne ke yanka shi.

Na biyu, a san da wa ake magana. In mai fili ya rasu kuma ba a raba gado ba, filin na magada ne duka, maza da mata, na gida da na waje. Babban wa shi kaɗai ba ya isa ya ɗaure sauran. Sau nawa munka ji an shirya da yaya, bayan shekara biyu ƙanwa ta zo daga gidan mijinta ta ce ba da ita anka yi ba? Kuma da gaskiyarta. A nemi yardar kowa, wanda ke nesa ya aiko da wakilci a rubuce.

Na uku, a je da mutunci. A sami dattijo ko liman ya yi gaba. A fara da godiya bisa alherin da mahaifinsu ya yi, a furta a gaban shaidu cewa an san ƙasa tasu ce. Wannan kalma guda tana buɗe ƙofar da gardamar shekara ba ta buɗewa.

Na huɗu, a rubuta abin da anka yarda a kai, kuma kar a bar ɗaya daga cikin waɗannan:

Sunayen ɓangarorin biyu, da iyakar fili gabas da yamma, kudu da arewa, da sunayen maƙwabta.

Wa'adi da ranarsa: daga yaushe zuwa yaushe. "Har illa ma sha Allahu" addu'a ce mai kyau, amma ba a lissafa kwana da ita.

Abin da za a biya, da lokacin biya, da yadda za a ƙara shi. Misali a ce jikka goma a shekara, a sake dubawa duk shekara biyar. Ko aro ne na kyauta, yana da kyau a sa wani ɗan abu na shekara a matsayin shaida, kamar damin nan na gona.

Izinin gini: laka kawai, ko har da siminti? Rijiya fa, da shuka itace?

Makomar gini ran da wa'adi ya cika: mai fili zai biya kuɗinsa? Wa zai ƙiyasta? Ko mai gini zai kwashe kwano da ƙofofi da azara ya tafi? Nan ne mafi yawan shari'u ke tsayawa, nan ne kuma anka fi yin shiru a kai.

Mutuwa: a faɗa ƙarara cewa yarjejeniyar ta hau kan magadan kowane ɓangare, kuma matar mamaci da ɗiyansa za su ci gaba da zama har wa'adi ya cika.

Sayarwa: in masu fili za su sayar, a fara yi wa mazaunin tayi.

Sabuntawa ta gaba: wata nawa kafin cikar wa'adi za a sake zama, kuma wata nawa za a ba mutum ya shirya in ba za a sabunta ba.

Na biyar, a kai gaban maigari da Kofo ta gari, a sa hannu ko a dangwala yatsa, shaidu su sa nasu, a buga hatimi. A zaɓi shaidu har da matasa, kar a tara tsofaffi zalla. Kowane ɓangare ya riƙe kofinsa, a tabbata an kai ɗaya Kofo ta kwamin. A ɗauki hotonta da waya a tura wa ƴan'uwa na waje, don gara da ruwan sama da gobara ba su san darajar takarda ba.

Masu haya da masu parsel a cikin gari

Ɗiyanmu da yawa suna haya a Ƙonni, Malbaza, Illela da Tawa: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, ƴan kasuwa. Nijar na da dokar hayar gidaje tun 1996, amma hayar da yawa da baki ake ƙulla ta. Shawararmu: a rubuta ko da shafi guda ne, a karɓi resi duk ran biya, kuma kafin a gyara rufi ko a jawo ruwa ko wuta da kuɗin aljihu, a rubuta ko za a cire daga kuɗin haya.

Masu shago kuwa su buɗe kunne da kyau. Nijar na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA masu dokar kasuwanci guda, tare da Kwaddebuwa, Benin, Togo, Kamaru da Gabon. A dokar nan, ɗan kasuwar da ya yi shekara biyu yana sana'a a wurin haya bisa ƙa'ida yana da haƙƙin a sabunta masa. Amma in hayar mai wa'adi ce, dole ya nemi sabuntawa aƙalla wata uku kafin ta cika, ta hanyar da za a iya tabbatar da cewa saƙon ya isa hannun mai shago. In ya bari lokacin ya wuce, haƙƙin ya faɗi. In ya nema a kan lokaci, mai shago ya yi shiru har saura wata guda, ana ɗauka ya yarda. In kuma ya ƙi ba tare da dalilin da doka ta amince da shi ba, sai ya biya diyya. Wannan na wurin sana'a ne, bai shafi ɗakin kwana ba.

Sai masu sayen parsel a lotisma. Takardar da hukumar gari ke bayarwa ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Akwai sharaɗin raya wurin cikin wa'adin da anka sa, kuma cikakkiyar mallaka sai an yi titir fonsiye. Tun 2006 gwamnati ta fito da hanya mai sauƙi ta samun titir ɗin, wadda anka raɗa wa suna Sheda. Ɗan'uwa na waje da ya sayi parsel ya bar ta shekara da shekaru ba ko tubali, ya sa a duba masa abin da takardarsa ta ce.

Ku da ke waje, ku ma ku duba takardunku

Kar ku ɗauka wannan matsalar ƙauye ce kawai. A Najeriya, dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Takardar da ake kira C of O izinin zama ce, galibi na shekara 99, da kuɗin ƙasa da ake biya. Wanda ya sayi gida a Sakkwato ko Legas, ya duba shekarar da anka fara ƙidaya, don ragowar shekarun ya saya.

A Gana, tsarin mulkin 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba riƙe fili fiye da shekara 50 a ƙulli guda. Mai gida a Kumasi ko Akra da ya karɓi fili yana saurayi, wa'adin na iya cika a hannun ɗiyansa. A Kwaddebuwa, dokar filayen karkara ta 1998 ta keɓe mallaka ga ƴan ƙasa, baƙo sai dai haya, ko da mai dogon zango ce.

Har Ingila haka abin yake. A can ana sayar da ɗakunan bene bisa wa'adi, galibi shekara 99 ko 125, ƙasar da ginin ke kai kuma tana hannun wani. Dokarsu ta 1993 ta ba mai ɗaki haƙƙin ya biya a ƙara masa shekara 90 bisa abin da ya rage. Amma a tsarin nan, da zarar ragowar ta gaza shekara 80 sai kuɗin sabuntawa ya yi tsalle, darajar ɗakin ta faɗi, bankuna su fara ja da baya. A 2024 majalisarsu ta amince da wata doka da ta tanadi ɗaga ƙarin zuwa shekara 990. Ku duba fa: mutum na da sauran shekara tamanin a gaba, amma tuni ana ce masa ya makara. To ina ga wanda bai ma san ko wa'adi gare shi ba?

Abu guda kuma da ya shafe ku kai tsaye: kafin ku aiko kuɗin siminti gida, ku tambaya filin na wa ne, kuma ina takardarsa. Ku adana resin duk kuɗin da kunka turo ta Nita ko Amana ko wata hanya, da hotunan gini tun daga tushe. Ran ƙiyasta kuɗin gini, su ne bakinku.

In an zauna ba a daidaita ba fa?

Kar a ɗauki sanda, kar a sa wa ƙofa kwaɗo, kar a tuge kwanon kowa. Doka ta ce rigimar filin karkara sai ta fara bi ta hannun sarakunan gargajiya don sulhu: maigari, sannan sarkin kanto. In an shirya, a rubuta takardar sulhu. In ba a shirya ba, a rubuta takardar rashin sulhu, da ita ake zuwa kotu. A filin da ba shi da titir, alƙali yana duba al'adar wurin, tare da mashawarta masana al'ada. Amma duk wanda ya taɓa zaryar kotun Ƙonni ya san abin da take ci: kuɗin mota, ranakun aiki, da zumuncin da ba ya komawa yadda yake.

Ga ɗan'uwanmu na Abijan, ga abin da muke gani. Kar ka buɗe baki da "namu ne". Ka sami dattijon da gidajen biyu ke jin nauyinsa. Ka nemi ɗayan biyu: ko su sayar maka da filin a farashin da masana gari sunka ƙiyasta, kuɗin ya shiga rabon gado, a yi takardar saye, ko su ba ku haya mai tsawo a rubuce, wadda za ta rufa wa tsohuwa asiri iyakar ranta, ta kuma fayyace makomar ginin. In za a raba gadon, ka roƙa a san wanda filin ya faɗa rabonsa tun yanzu, don ya sa hannu shi ma. Kuma in da hali, ka zo da kanka. Akwai maganar da waya ba ta iya isar da ita.

Ga masu fili kuma, ku tuna alherin da mahaifinku ya shuka. Takarda ba ta rage muku taƙi ɗaya na ƙasarku, tabbatar muku da ita take yi, ta kuma bar ladar marigayi tana gudana.

Sauran jama'a, kowa ya tambayi kansa a daren yau: ƙasar da nake kwana a kanta, da wane suna nake riƙe da ita, kuma wa ya sani ban da ni? In amsar ba ta fito sarai ba, gidan maigari ba shi da nisa. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana kamar yadda anka saba, za mu kai ta ga masu aikin Kofo mu kawo muku amsa cikin shiri na gaba. Allah ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.